SAYEN MOTA MAI GUDU DA SHA'ANIN ƁARAYI

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani bisa wani al'amari da kan sami manyan gari da attajirai, watau sayen mota mai tsada mai gudu, da irin fitinar ɓarayi da ta kan biyo bayanta. Hakimi uban ƙasa ne. Wurinsa talakawa da masu arziki su kan zo neman shawara, kuma ƙofar gidansa ake fara kawo kuka in ɓarna ta auku. Saboda haka ya kamata ya san yadda abin yake tun daga tushe.

Sanin kowa ne, mai ingarman doki ba ya ɗaure shi a bakin hanya ya tafi ya yi barci. Kafin ya saya sai ya tanadi barga, da turke, da yaron da zai kwana kusa da shi, gama dokin da ya ƙayatar da mai shi, shi ne ya kan ƙayatar da ɓarawo. To, haka sha'anin mota yake, sai dai ita ta fi doki nisan zango cikin dare guda.

Dalilin da ɓarayi ke son irin waɗannan motoci

Dalilan uku ne. Na fari, tana da kasuwa: in an fitar da ita daga ƙasa, ba a rasa mai saye. Na biyu, kayan jikinta suna da tsada. A kan kai ta wani lungu a farke ta, a sayar da inji dabam, giya dabam, fitilu da ƙofofi dabam, har ba mai iya gane ta. Na uku, 'yan fashi su kan so ta don aikinsu, gama motar da ta fi ta 'yan sanda gudu ita ce abin hawan mai laifi.

Abin da ya faru a Ingila

A shekarar 1986 kamfanin Ford ya fito da wata mota mai suna Sierra RS Cosworth. Injinta yana da ƙarfin doki wajen 200, tana kuwa iya cin kusan mil 150 cikin sa'a guda, watau kamar daga Kano zuwa Kaduna, da hanya za ta yarda. Jama'a suka yi ta sha'awarta. Amma makullanta irin na sauran motoci ne, ɓarawon da ya gwanance ba ya daɗewa bai tashe ta ba. Samari suka shiga satar irinta da sauran motoci masu gudu, su yi tsere cikin unguwanni da dare, wani lokaci har a yi asarar rai.

Abu biyu ya biyo baya. Majalisar Ingila ta yi doka a 1992 wadda ta ƙara tsananta hukuncin wanda ya ɗauki motar wani ya yi ɓarna da ita. Kamfanonin inshora kuma suka ɗaga kuɗinsu ƙwarai, waɗansu ma suka ƙi karɓar irin waɗannan motoci sam. Mutumin da ya iya sayen mota sai ya ga bai iya riƙonta ba, in kuma ya tashi sayarwa sai farashi ya faɗi.

Daga watan Oktoba na 1998 aka tilasta sa wa kowace sabuwar mota a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai wata na'ura mai kulle inji. Yadda take aiki shi ne, akwai wani ɗan ƙwayar lantarki cikin makulli mai ɗauke da lamba, in injin bai ji wannan lamba ba, ba ya tashi, ko da an haɗa waya da waya. Satar mota ta ragu da gaske cikin shekarun da suka biyo baya.

Yadda fitina ta koma cikin gida

A nan ne fa ya kamata a lura. Da ɓarawo ya ga mota ba ta tashi sai da makullinta, sai ya bar motar ya nemi makullin. Makulli kuwa yana cikin gida, inda iyali suke kwance. Aka shiga fasa gidaje cikin dare, ba don zinariya ko tufafi ba, sai don ɗan makullin da aka aje bisa tebur. Ashe gyaran da aka yi wa mota ya ɗauke haɗari daga bakin titi ya kai shi ƙofar ɗaki.

Abin ya yi tsanani a birnin Toronto na ƙasar Kanada, har a farkon 2024 wani ɗan sanda ya shawarci jama'a a wurin taro su riƙa barin makullin mota kusa da ƙofar gida, don ɓarawo ya ɗauka ya tafi ba sai ya shiga kan iyali da makami ba. Mutane suka yi ta suka, hukumar 'yan sandan kuma ta fito ta gyara maganar. Amma dai shawarar ta nuna inda aka kai.

Sa'an nan kuma ga motocin zamani waɗanda ba a zura musu makulli. Mai ita ya matso kusa kawai, ƙofa ta buɗe, ya danna maɓalli inji ya tashi. Ɓarayi biyu su kan zo da na'urori biyu. Ɗaya ya tsaya jikin bangon gida ya kamo siginar makullin da ke ciki, ya miƙa wa ɗan'uwansa da ke tsaye jikin mota. Motar sai ta zaci mai ita ne ya zo, ta buɗe. Ba a fasa gilashi ba, ba a ta da kowa ba. Waɗansu kuma su kan ɓalle fitilar gaba su kai ga wayoyin motar, su yaudari kwamfutarta, ko su shiga ciki su yi wa sabon makulli rajista. Motocin Range Rover sun sha wannan wahala a Ingila, har a 2023 kamfanin da ke ƙera su ya ware fam miliyan 10 don gyara tsaron waɗanda aka riga aka sayar, ya kuma buɗe inshorar kansa, don masu motocin da yawa, musamman a Landan, sun rasa mai karɓarsu bisa farashi mai sauƙi.

A Amurka akwai wata cibiya da ke tattara lissafin asarar kamfanonin inshora. Rahotonta na 2023 ya nuna cewa motar Dodge Charger SRT Hellcat, ƙirar 2020 zuwa 2022, ana sace ta fiye da ninki 60 na yadda ake sace matsakaiciyar mota. Amma kada a ce sai mota mai gudu ake sata. Motocin Kia da Hyundai da yawa da aka sayar a Amurka daga 2011 zuwa 2021 ba su da na'urar kulle inji, da yara suka gano haka suka baza dabarar a intanet, sai satarsu ta zama annoba daga 2021. Watau abu biyu ke jawo ɓarawo: kwaɗayin abin, da sauƙin ɗaukarsa. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Inda abin ya shafi ƙasar nan

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Katsina ko Bauchi da ɓarayin Kanada? Ruwa kuwa akwai, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A shekarar 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a Kanada. Da yawa daga cikin masu tsadar a kan sa su cikin kwantena a tashar jirgin ruwa ta Montreal, a yi musu takardun ƙarya, su nufo Afirka da Gabas ta Tsakiya. 'Yan jarida sun bi sawun waɗansu har suka same su a kasuwannin mota na Gana da Nijeriya. Gwamnatin Kanada ta kira babban taro a Ottawa cikin Fabrairu 2024 bisa wannan al'amari kaɗai. A watan Maris na 2025 kuma hukumar 'yan sandan duniya, watau Interpol, ta haɗa kai da ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, aka binciki motoci a hanyoyi da tashoshi, aka gano wajen 150 na sata, mafi yawansu daga Kanada.

Saboda haka mai sayen babbar mota a nan yana da tsoro biyu. Ɗaya, kada a sace masa. Ɗayan, kada ya zamana shi ne ya sayi ta sata. In hukuma ta gano, za a karɓe motar, kuɗinsa sun tafi, dillali ya ɓace. In kuwa aka tabbatar ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zato, to, doka tana hukunta mai karɓar kayan sata. Ga basarake, zubewar mutunci ta fi asarar kuɗin zafi.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a saya

Kuɗin mota ba shi ne wanda aka ƙirga wa dillali kaɗai ba. Ƙaramar inshorar da doka ta tilasta, wadda aka mai da naira 15,000 ga motar gida daga Janairu 2023, tana biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani ne kawai. In an sace mota, ba ta ba da ko kwabo. Cikakkiyar inshora ita ce mai biyan sata, kuma a wancan lokaci hukumar kula da inshora ta ƙasa ta yanke cewa kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Bisa wannan lissafi, motar naira miliyan 60 tana cin miliyan 3 kowace shekara. A ƙara da albashin maigadi, da ginin gareji mai ƙyaure, da fitila, da kuɗin na'urar bin sawu. Wanda ya ga waɗannan sun fi ƙarfinsa, to, motar ma ta fi ƙarfinsa.

Bayan kuɗi akwai tambayoyi huɗu da mutum zai yi wa kansa. Ina motar za ta kwana? Waɗanne hanyoyi za ta bi, kuma da wane lokaci? Su wane ne ke kwana a gidan da makullinta yake? Sa'an nan, in ta ɓace gobe, gidan zai girgiza, ko kuwa zai tsaya? Mai gida mai katanga cikin gari ba daidai yake da mai bin hanyar daji kullum ba. Inda ake tare hanya ana kama mutane don neman fansa, mota mai ɗaukar ido shela ce take yi wa mai ita, abin da za a nema kuwa ya wuce ƙarfe.

Ba nufin wannan jawabi ne a hana kowa jin daɗin halaliyarsa ba. Mutane da yawa sun riƙe manyan motoci shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wanda ya yi lissafi ya ga ya iya, ya saya, Allah ya sa alheri. Wanda kuwa zai saya ya rasa barci, motsi kaɗan ya leƙa taga, lalle ya sayi damuwa da kuɗinsa. Sau da yawa mota mai ƙwari wadda ba ta jan ido ta fi masa amfani.

Rigakafi

Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alkaluma 17. A duba ta a gindin gilashin gaba, da jikin ƙofar direba, da cikin takardu, a tabbata duk bakinsu ɗaya, kuma ba alamar kankara ko sabon fenti. A kai lambar wurin 'yan sanda su bincika, a kuma tabbatar da takardun kwastan a ofishin kwastan. A karɓi makulli biyu, a biya ta banki, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Motar da aka karya farashinta ba dalili, a guje ta, gama araha ba ta ado.

Bayan an saya, makullin zamani a aje shi cikin gwangwani mai murfi ko jakar da aka yi don tare sigina, nesa da ƙofa da taga, sa'an nan a gwada a gani ko motar tana jinsa. A sa wa sitiyari sandar ƙarfe mai kwaɗo, gama ɓarawo ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci. A sa na'urar bin sawu a ɓoye, kada kowa ya san wurinta. A san asalin direba da wanda ya tsaya masa, kada kuma a bar makulli ya kwana hannun makaniki ko mai wanki wanda ba a sani ba. Kada a yi ta baza hoton mota da lambarta da ƙofar gida a Facebook. In kuwa ƙaddara ta sa aka tare mutum da bindiga, ya ba da makulli ba gardama. Mota ana sake ta, rai ba a sake shi.

Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni su sa ido bisa baƙin motoci da ake ɓoyewa a kango ko gona, da garejin da ba ya aiki sai da dare, su kawo labari don a sanar da 'yan sanda. Kada a bar jama'a su ɗauki doka a hannunsu bisa wanda ake zargi. Malamin hakimi kuma, in an nemi ya rubuta shaidar ciniki, kada ya sa hannu ko hatimi sai ya ga motar da idonsa, ya gwada lambarta da ta takarda, ya rubuta sunan mai sayarwa da mazauninsa, ya aje kwafi cikin littafin ofis. In aka kawo ƙarar sata, a rubuta lamba da launi da lokaci a aika nan take, gama mota mai gudu tana iya ƙetare iyaka kafin gari ya waye.

Allah ya kiyaye dukiyar jama'a da rayukansu, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.