Batirin Sola da Zafin Bazara

Gidaje da shaguna da dama sun koma sola, kuma a cikin kayan, batirin litiyom ne ya fi cin kuɗi. Sai dai abin da ke damuna shi ne inda muke ajiye shi: lungun ɗaki mai rufin kwano, babu taga, babu iska, wani ma kusa da janareta.

A watan Afrilu, zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, alhali wannan batiri ya fi lafiya a wajen digiri 25. Zafi ba ya kashe shi dare ɗaya. A hankali yake cinye ƙarfinsa, har batirin da a da yake kai ka asuba ya fara gazawa tun tsakar dare.

Wasu kuma suna barin inbata a kan saitin tsohon batirin ruwa, suna zuƙe cajin ƙarƙaf. A bar wa batirin litiyom ko da kashi 20 cikin ɗari na cajinsa.

Don Allah a sama masa inuwa da iska. In ya kumbura ko ya fara wari, a kashe shi nan take, a kira ƙwararren mai gyara.