Birkin ABS: Abin da ya kamata mu da direbobinmu mu sani
Jawabin kwamitin sufuri a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Kasuwancinmu a kan taya yake tafiya, ko daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ta Illela. Yawancin motoci 'yan Kwatano da muke saye suna zuwa da birkin ABS, amma da dama daga cikin direbobinmu da tsohon birki suka koyi tuƙi. Wannan ne ya sa muka kawo maganar yau.

Idan aka taka tsohon birki da ƙarfi, taya kan ƙame, ta daina juyawa, motar ta riƙa sulɓewa. Tayar da ta ƙame kuwa ba ta bin sitiyari, ko ina direba ya murɗa shi. Maganin wannan matsala aka ƙera ABS ya yi. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara sa shi a motocin Mercedes-Benz a 1978. A jikin tayoyi akwai 'yan na'urori masu auna saurin juyawarsu, suna kai labari ga wata ƙaramar kwamfuta. Da zarar ta ga wata taya za ta ƙame, sai ta sassauta matsin man birki a kanta, ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ta haka direba zai rage gudu kuma ya iya kauce wa rami ko saniya.

Muna roƙon ku isar wa direbobinku abu uku.

Na farko, idan hatsari ya taso, a danne birki sosai, kada a ɗaga ƙafa. Za a ji birkin yana rawa a ƙarƙashin ƙafa har da ƙara. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi. Wanda ya riƙa taka-saki irin na da, ya hana shi aiki.

Na biyu, a kan burji mai tsakuwa ko yashi, mota mai ABS na iya yin nisa kafin ta tsaya fiye da yadda ake zato, balle in an yi mata lodi fiye da ƙima. A rage gudu, a bar tazara, musamman da damina.

Na uku, fitilar ABS kan kama idan an kunna mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta ƙi mutuwa, birki na kamawa amma ABS ya daina aiki. Sau da yawa laka ce ta toshe na'urar taya, ko waya ta tsinke. Kada mu yarda bakanike ya cire ƙwan fitilar don kawai mu daina ganinta. In kuma ta kama tare da jar fitilar birki, a tsaya a duba kafin a ci gaba.

Kuɗin gyaran bai kai asarar lodi guda ba, balle ran direba da yaron mota. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu. Wassalamu alaikum.