Ciwon da awo ba ya nunawa: jawabin ofishin kariya a taron shugabannin unguwanni

 

Tun 2019 da jama'ar Sakkwato, Zamfara da Katsina suka fara tsallakowa nan jihar Maradi, akwai kukan da muke yawan ji a ofis. Mutum ya ce kansa na sarawa, ƙirjinsa na bugawa, cikinsa na zafi, jiki duk ya mutu. Ya je likita an auna jini, an ce babu komai. Ya dawo da takaici, har wasu su ce raki ne ko neman taimako.

Muna so ku sani wannan ciwo gaskiya ne. Ranar da aka shigo gari da harbi, jiki ya yi shirin gudu: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi suka ɗaure, barci ya gudu. Wannan shirin ne ya cece mu. Amma ga wasu, jikin bai yarda an tsira ba. Shi ya sa ƙarar babur ke sa gaba ya faɗi, mafarkin ranar ya yi ta dawowa, yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin ƴan makonni. Idan abin ya wuce wata ɗaya yana hana aiki ko barci, to ana bukatar taimako. Wannan ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne.

Ga roƙonmu. A fara zuwa likita, domin zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da hawan jini suna kawo irin waɗannan alamu. A gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ido ya gani, ba wurin ciwon kaɗai ba. A guji tramol da maganin barci na masu talla, suna ƙara matsalar. In bugun zuciya ya taso, a zauna, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali. Addu'a da magani ba sa karo.

Wanda ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi nan take.

Abin da kuka faɗa mana sirri ne, kuma bai shafi katinku na abinci ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya mai da mu gida cikin aminci.