Injin Mota a Jirgin Sama: Ku Daina Bin Yawan Doki



Labarin Mubarak Muhammad Abdullahi kun san shi. Ɗalibin Jami'ar Bayero ne da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano a 2007, da injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133, ya ɗaga da shi kamar ƙafa bakwai daga ƙasa. Allah ya saka masa. Amma tun daga lokacin, duk matashin da ya yi mafarkin tashi sai ya nufi kasuwa neman injin Baljiyam mai doki da yawa, wasu abokan aikina malamai kuma suna ƙara zuga shi. A nan muka raba gari da su.

Farfela ce ke da hukunci. Injin Honda ko Subaru ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya kai juyi wajen 6,000 a minti. Ɗaura masa farfela mai tsawon mita 1.8, bakinta zai riƙa gudun mita 565 a daƙiƙa, alhali sauti kansa wajen mita 340 yake yi. Ƙara za ka samu mai tsaga kunne, jan iska ya lalace, itacen ma yana iya tarwatsewa. Dole ka sa giya ko bel mai rage juyi zuwa wajen 2,700. Ga lagireto, ga ruwa, ga tiyo, ga kwamfutar inji, kowanne nauyi ne, kuma kowanne yana iya yanke maka aiki a sama, inda babu gefen titi da za ka faka.

Tsohon injin Volkswagen Beetle kuwa iska ce ke sanyaya shi. Ana ɗaura masa gajeriyar farfela, wajen mita 1.4, kai tsaye a kan karanshaf, ya yi juyi 3,200, bakin farfelar bai wuce mita 235 a daƙiƙa ba. Shekaru da dama masu haɗa jirgi a gida a Amurka da Turai suna tashi da shi.

Za a ce ya yi ƙaranci a kasuwa, dokinsa kuma wajen 60 ne. Amma tun 1975 aka fara haɗa Beetle a Legas, injinan suna nan kwance a gareji, kuma doki 60 ya ishi jirgi mai fukafukai na mutum ɗaya. Zafin Afrilu ne abin tsoro, lokacin da Potiskum ke haura digiri 40, iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, kan silinda ya ɗau zafi.

Don haka ina roƙon Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum ta kafa wurin gwaji, a ɗaure inji a ƙasa, a ba shi wuta awanni a tsakar rana, ana auna zafi da mai. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA kuma ta turo masu duba aikin yaranmu. Kada kowa ya tashi kafin an yi wannan.