Jawabin sadakar arba'in ta dattijonmu

Iyayenmu dattawan Sukukutane, da ƴan'uwa na Yamai da Abijan da Lagos waɗanda wagga takarda za ta iske.

Kwana arba'in ke nan da munka bizne shi. Allah jiƙan shi, Allah kyauta namu zuwa.

Dattawa sun san shi tun zamanin Samariya, bayan Seyni Kunce ya ɗauki mulki a 1974: shi ka kiran gayya. A farin 1984, da gidaje sunka watse zuwa Najeriya, bai tahi ba. Ya tsaya da iyalinshi da marayun ƙanenshi, tukunya guda. Ɗiyanshi mata duk ya sa su lakwal, lokacin da ake ma mai yin haka dariya.

Mu malamman lakwal, wajen zana munka san shi. Kowace shekara, kahin a koma karatu watan Oktoba, shi ka tara kara da gamba da itace a kafa rumfunan karatu, bai taɓa amsar ko dala ba. Maras lahiya kuwa, shi ka nemo amalanke zuwa likita, in ta ɓaci, mota zuwa Dogondutsi.

Bana ba shi. Iskan damana ya kwashe rumfa biyu, har yau ba wanda ya motsa. Yara saba'in za su zauna rana.

Muna roƙon dattawa su hidda mutum biyu ran Juma'a bayan salla, ƙofar gidan maigari. Na waje su aiko kuɗin igiya da tabarmi hannun ma'ajin ƙungiya kahin ƙarshen Satumba.