Azumi da Kame Hannu daga Caca



Ya ku ƴan'uwa masu saurare a Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa, darasinmu na yau a kan caca yake. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah Ya bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya yi umurni a nisance su, domin suna haddasa gaba, suna kange bawa daga ambaton Allah da salla.

Ku dubi cacar dawaki ta PMU, wadda hukumar LONANI ke gudanarwa. Dawakin a Faransa suke sukuwa, amma kuɗin daga aljihunmu suke fita. Ana tara abin da kowa ya zuba wuri guda, a cire kason hukuma, sannan a raba saura ga waɗanda suka dace. Ke nan abin da ke komawa hannun jama'a kullum bai kai abin da suka zuba ba. Wanda ya ci, gumin maƙwabcinsa ya ci.

Dattawa ba su manta tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da fushin jama'a ya faɗa har kan rumfunan caca. Shin cacar ta ƙare? Yau ga ta cikin wayar salula, matashi yana zuba kuɗi kan wasan ƙwallon Turai alhali yana kwance a ɗakinsa. Rushe rumfa ba ya kashe kwaɗayi, sai an tsare zuciya.

Wannan tsarewa ita azumi ke koya mana. Wanda ya haƙura da ruwa, halal ɗinsa, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, ba da tsaron kowa ba, yana da ikon barin haram. Ya kai manomin rani, kuɗin amfanin gonarka haƙƙin iyali ne. Ka ware na cefane da na zakkar fid da kai tun ranar da suka shigo. Ka goge manhajar caca daga wayarka, ka ƙaurace wa majalisarta. In akwai bashi a kanka, ka biya shi da sana'a, kada ka ce caca za ta mai da abin da caca ta cinye.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya wadata mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.