Jawabi a Kan Binciken Dangi da Rubuta Labarinsu

  

Ya ku malamai da almajirai, ku sani cewa da yawa daga cikinmu sun hardace salsalar malamansu har kai bakwai, amma in ka ce su faɗi sunan kakar uwarsu sai ka ga sun sunkuyar da kai. Alhali kuwa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, a cikin Ida'un Nusuki wanda ya rubuta a 1812, ya kawo asalin danginsu tun daga Musa Jakollo, kana ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, da yawansu kuwa baffanninsa ne da kawunnansa.

Kada wani ya zaci alfahari da nasaba nake kira zuwa gare shi. Hukunci ne yake rataye a nan. An taɓa kirana rabon gado a wani gida inda uba da ɗansa suka rasu shekara guda, tun da daɗewa, ba a raba ba. Duk mas'alar ta tsaya a kan wa ya riga wani, domin in ɗan ne ya riga, 'ya'yansa ba su da rabo a gonar tare da baffanninsu, in kuwa uban ne, suna da kason ubansu. Babu takarda ko ɗaya. Tsohuwar da ta sani kuwa an binne ta da azumin da ya wuce. Har yau gidan nan ba sa gaisawa. Haka kuma shayarwa: a mazhabar Maliku, nono ko sau ɗaya ya isa cikin jariri ya haramta aure, amma wa ke rubuta wadda ta shayar da wane a ranar da uwarsa ta kwanta ciwo?

To, hanyar ita ce irin ta masu ruwaya. Ka nemi littafi guda ka keɓe shi. Ka fara da wanda ya fi kowa tsufa, kuma ina roƙonku ku fara da mata, gama goggo da inna su ne suke riƙe da labarin aure da saki da goyo da yaye, maza kuwa galibi sarauta da fatauci kaɗai suke tunawa. Ku dubi Baba ta Karo a ƙasar Zazzau: wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna gabanta a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗi, ya zama littafi a 1954, har yau ana karanta shi a Ingila da Amurka. Kowane gida yana da irin wannan tsohuwa, sai dai jikokinta ba su zauna ba.

In ka je, ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai goro, kada ka shiga da tambaya kamar ɗan sanda. Ka bar ta ta yi yawo cikin zancenta, abin da kake nema sau da yawa a gefen hanya yake faɗuwa. In ta yarda a ɗauki muryarta a waya, to, madalla. In ta ƙi, alƙalami ya isa. Sunan da take alkunyarsa, na miji ko na ɗan fari, kada ka matsa mata, ka nema wurin wani.

Shekara kuwa ba a tambayarta kai tsaye. Sai ka ce, "Iya, sa'ad da aka kashe Sardauna, an yaye Baba ko yana goye?" Wannan 1966 ke nan. Ko ka auna da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Na can baya ana auna su da shigar Turawa Kano a 1903, ko isowar jirgin ƙasa a 1911, ko babbar yunwa ta 1914. Masu ƙidayar jama'a ma da irin wannan dabara suke gane shekarun tsofaffi.

Sa'an nan kada ka tsaya a baki guda. Abin da goggo ta faɗa ka kai wa kawu, ba tare da ka gaya masa amsarta ba. In sun dace ka rubuta "tabbas". In sun saɓa ka rubuta duka biyun, kowace da sunan mai ita da ranar da ka ji. Ka kuma buɗe gafakar kakanka, gama malaman dā sukan rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa a bangon littafi ko a gefen shafi.

Akwai shafin da na fi so kada ku tsallake, na ciwon da ya kashe kowa. Gidan da yara suke ta mutuwa da ciwon ƙashi da kumburin hannu, a tuhumci amosanin jini, watau sikila. In miji da mata duka suna ɗauke da irinsa, ko da su lafiyayyu ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Mu kuwa masu auren zumunci ne, sai a yi gwajin jini kafin a sa rana.

Abin da ka ji na asiri, na bauta ko na abin kunya, amana ce, ba na karantawa a zaure ba ne. Sauran kuwa ka kwafe shi kashi biyu, ɗaya ya zauna a gidan ɗan'uwanka, saboda gara da gobara.